Littattafan 'yan ƙwallo: wanne za a saya, wanne ne asarar kuɗi

Wani ɗan Manchester United daga Fagge ya turo tambaya, ya ce littattafan tsohon kocinsu Alex Ferguson biyu ya gani, na 1999 da na 2013, kuɗinsa kuma na guda ɗaya ne, wanne zai ɗauka?

In gulma kake so na 2013 ne naka, a nan ya yi wa tsohon kyaftin ɗinsa Roy Keane tatas, ya kuma ba da labarin takalmin da ya shura ya fasa wa Beckham gira a 2003 bayan Arsenal ta cire su daga kofin FA. In kuwa so kake ka san yadda mutumin ya taso a Glasgow, ya ɗauki Aberdeen ta doke Real Madrid a 1983, ya zo United a 1986 bai ga kofin lig ba sai 1993, to nemi na 1999, Managing My Life. Ni shi zan ɗauka, ya fi nama.

Sai wani ƙanenmu daga Gusau, ya ce ya tura dubu tara wa wani mai talla a WhatsApp don littafin da wai Messi ya rubuta da hannunsa, da aka kawo takardar kamar ta ƙunshin ƙosai, shafi wajen ashirin babu, mai tallan kuma ya daina ɗaga waya. Ya zai yi?

Ƙanena haƙuri za ka yi, kuɗin nan sun tafi. Amma bari in yi magana a kan wannan don ya ishe ni. Messi bai rubuta tarihin kansa ba. Littafin da aka fi sani a kansa ɗan jaridar Sifaniya Guillem Balagué ne ya rubuta a 2013, shi ne kuma ya yi na Ronaldo a 2015. Duk wanda ya ce maka ga wanda Messi ya zauna ya rubuta, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba ko kuma ya sani sarai, kai yake so ya wanke. Abin da ke ba ni haushi, mutum in zai sayi jesi sai ya juya ta ciki da bai, ya ja ɗinki, ya shafa tambari, ya yi ciniki har mai shago ya gaji, amma littafi daga ganin hoton gwaninsa a bango shi ke nan an tura kuɗi, ko tambayar wa ya buga babu.

Jabun littafi ba ya ɓuya in ka riƙe shi a hannu. Ɗaga shafi ɗaya ka duba, in rubutun baya yana leƙowa to an gama magana. Buɗe tsakiya inda hotuna suke, na asali yawanci takarda ce mai sheƙi da kala, na jabu kuwa baƙi da fari ne dishi-dishi har ba ka gane Drogba da Essien. Buɗe shi sosai ka ji ko gam ɗin zai yi ƙara, in ya yi, kafin sati biyu shafuka za su fara bin iska. Duba lambobin shafi, duba sunan kamfanin da ya buga. Sannan akwai wata sabuwar cuta, littafi mai shafi sittin da aka kwaso daga Wikipedia aka manna hoton Mbappé ko Osimhen a gaba, sunan marubucin ma ba wanda ya taɓa jin sa. Masu sayar da PDF kuwa kar ma a fara, ka biya a tura maka fayil ɗin da ba ya buɗewa ko wanda zai rikita maka waya. Wallahi gara tsohon littafi na asali daga 'yan gwanjo, ko da bangon ya ɗan lanƙwashe, da sabo fil na jabu. In dole sai ta intanet, to kar ka tura ko sisi sai an yi maka bidiyon cikinsa, in da hali a biya in kaya ya iso hannu. Kuma ba dole kowa ya mallaki nasa ba, ku da kuke haɗuwa gidan kallo duk Asabar ku huɗu ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya mai kyau ya zagaya.

Ko na asalin ma a karanta da hankali, yawanci ɗan wasa surutu yake yi wani ya rubuta. Na Zlatan na 2011 David Lagercrantz ne ya rubuta, kuma daga baya da bakinsa ya ce maganganun ciki shi ya tsara su ba kalma da kalma Zlatan ya faɗa ba. Keane kuwa littafinsa na 2002 da Eamon Dunphy ya rubuta, abin da aka sa a ciki kan ƙetar da ya yi wa Alf-Inge Haaland, baban Erling, ya ja masa dakatarwar wasa 5 da tarar fam 150,000.

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto cikin damuwa, ɗanta yana SS2 ba ya taɓa littafi, ba abin da ya sani sai ƙwallo, Turancinsa kuma ya ja baya, ko akwai wanda za ta saya masa?

Hajiya ki kwantar da hankalinki, yaron da ya haddace sunan 'yan wasa goma sha ɗaya na ƙungiya ashirin ƙwaƙwalwarsa ƙalau take. Ki nema masa na Drogba, Commitment, na 2015. Turancin ba mai wuya ba ne, ga labarin yaron da aka tura Faransa wajen ɗan uwan babansa tun yana ƙarami, ga ranar da shi da 'yan wasan ƙasarsu Côte d'Ivoire suka ci Sudan a 2005 suka samu gurbin kofin duniya, suka durƙusa gaban kyamara suna roƙon a ajiye makamai a ƙasarsu da ke cikin yaƙi. Na Zlatan ki bari tukuna, akwai ashar da alfahari da satar keke a ciki. Kuma don Allah kar ki mayar da shi jarrabawa kina tambayarsa shafi nawa ya kai, ki ajiye masa kawai kusa da inda yake cajin waya.

Wani kocin yaran unguwa daga Jos yana tambaya kan Inverting the Pyramid na Jonathan Wilson. Koc littafi ne mai kyau, tarihin dabarun wasa ne tun daga zamanin tsarin 2-3-5 ('yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar), amma yana da nauyi kuma ba zai koya maka atisayen gobe da yamma ba. In kuɗin ƙungiya ne, sayi ƙwallaye.

Shi kuma wanda ya tambaya ko karanta irin waɗannan littattafai zai taimaka masa ya ci caca, a'a. Kar ka sake turo min irin wannan.