Tambaya da Amsa: Garmahon Baba ya ƙi juyawa daidai, a gyara ko a haƙura?

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Dan Allah ina da garmaho da na gada wajen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, an rubuta Garrard SP25 a jikinsa, ya fi shekara talatin a ajiye a ɗakin kaya tare da faya-fayai cike da akwati, wasu na mawaƙan gargajiya wasu na Indiya. Na jona shi a wuta, farantin yana juyawa amma a sanyaye, wani lokaci sai na tura da yatsa, ga wata ƙara buuu a sifika. Mai gyaran rediyon unguwarmu yace in manta da shi ba a samun kayansa. Gaskiya ne?
Mai karatu daga Zariya

Wa alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Ba gaskiya bane, kuma kar ka jefar. Amma kafin komai dan Allah kar ka sake ɗora ko faifai ɗaya a kansa sai ka canza allura. Injin nan ko shekara hamsin yayi yana gyaruwa, faifai kuwa in tsohuwar allura ta cinye masa layi shikenan, ba mai dawo da shi, kuma irin waɗanda EMI da Decca suka fitar a Najeriya da yawansu yanzu ko da kuɗinka ba za ka samu ba. Allurar lu'ulu'u aikinta kamar awa 500 zuwa 1000 ne, waye ya san nawa taka tayi? In za ka gwada inji, nemi faifan da dama ya riga ya lalace.

Toh maganar juyawa a sanyaye. Garrard ɗin Ingila ne, a garin Swindon aka ƙera su, kuma yawancin irin naka ba bel suke amfani da shi ba, wata ƙaramar taya ce ta roba take shiga tsakanin bakin moto da cikin gefen faranti, ita ke tura shi. Abu biyu ke damunsu in sun tsufa: robar ta bushe tayi santsi tana zamewa, sannan giris ɗin da kamfani ya sa tun farko ya daskare ya koma kamar ƙaro, ga ƙurar hunturu ta shekaru ta haɗu da shi. Cire wuta tukunna. A tsakiyar faranti akwai ɗan zoben ƙarfe da ya riƙe shi, ka cire a hankali kar ya yi tsalle ya ɓata, sai ka ɗaga farantin sama. Ka ɗau hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, kuma duk abin da ka kwance ka sake ɗauka, wallahi wannan shi zai cece ka lokacin mayarwa. Da auduga da sifirit ka goge tsohon giris ɗin tas, aiki ne na haƙuri ba na ƙarfi ba, abin da ya ƙi motsi ka jiƙa shi ka ba shi lokaci, kar ka sa filaya ka murɗa. Bayan nan ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki a sandar tsakiya da bakin moto, sabon giris ɗan kaɗan a inda ƙarafa ke gogar juna. Ban da baƙin mai na mota, ban da man gyaɗa. Kuma mai kar ya kuskura ya taɓa tayar roba ko cikin gefen faranti, nan a bushe ake so. In tayar ta taurare ko gefe ɗaya ya lotsa saboda an bar ta a matse tsawon shekaru, za ka ji ƙwas ƙwas duk zagaye, wannan sai sabuwa, ana sayar da su a intanet.

Ita ƙarar buuu yawanci wayar ƙasa ce. Duba bayan garmahon ko akwai siririyar waya ita kaɗai, ka ɗaura ta a kusar da aka rubuta GND a bayan amfilifaya, sannan ka goge bakin wayoyin sauti, tsatsa ma na kawo haka. In kan allurarka na maganaɗisu ne dole ka jona a ramin da aka rubuta PHONO, in ka sa a AUX sautin zai fito siriri can ƙasa. In kuma amfilifayar tsohuwa ce mai bawul, wato 'yan kwalaben gilas ɗin nan da ke haske a ciki, kar ka sa hannu ciki ko an cire wuta, akwai wasu 'yan kayan ciki da ake kira kafasito, suna riƙe wuta mai kisa, wannan na mai gyara ne.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka ɗora kwabo ko sule a kan hannun allura don ta daina tsalle kamar yadda ake yi da, nauyin nan shi ke noma faifai. Yawancin kawunan maganaɗisu giram 1.5 zuwa 3 suke so, ƙaramin sikeli na dijital zai nuna maka. Ka kuma ware faya-fayan, masu 33 da 45, wato yawan zagayen da suke yi a minti, roba ce, 33 ta fito a 1948, 45 a 1949, amma masu 78 masu nauyi ɗin nan da ke fashewa in sun faɗi, layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban, kuma sifirit na narkar da su. Wanki da ruwan batir, tataccen ba mai asid ba, da ɗigon sabulun ruwa, ka bi layi a zagaye, kar takardar tsakiya ta jiƙe. A tsaye ake ajiye su, nesa da rana da zafin kwano.

Malam na sayi garmaho na hannu a kasuwa, ance daga Amurka ya zo, na sa masa taransifoma mai rage wuta amma muryar mawaƙi tana fitowa a jaye kamar mai jin barci. Bel ne?
Mai karatu daga Maraɗi

Hajiya zai iya zama bel, in ya saki ko ya yi danƙo a canza, ki zagaya zare inda yake bi ki auna, sabon ya ɗan fi zaren gajarta. Amma na fi zargin wuta. Ta Amurka 60Hz ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, ta Nijar da Najeriya 50Hz, kuma taransifoma ƙarfin wuta kawai take ragewa ba ta taɓa wannan. In moton irin mai bin bugun wutar gari ne, maimakon 33 zai riƙa yin kusan 28 a minti. Ki sa alama a gefen faranti ki ƙirga zagaye na minti ɗaya, in kin samu wajen 28 to shi ne, sai a nemo kan moto, wato ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa, na 50Hz na wannan samfurin a canza. Kuma ki gwada da wutar gari ba janareto ba, shi gudunsa hawa da sauka yake, zai ruɗa miki lissafi.