Amsa ga mai tambayar ko adinomayosis na komawa ciwon daji (kansa)

'Yar uwa, kin ce an gano miki adinomayosis, kina tsoron kada ya rikiɗe ya zama kansa. Bari in faɗa miki abin da na gani a kan yayata.

Ki fara kwantar da hankalinki, shi wannan ciwon ba kansa ba ne. Shimfiɗar cikin mahaifa, wadda ke zubowa lokacin al'ada, ita ce ke kutsawa cikin naman bangon mahaifar, shi ya sa jini ke yawa, mara ta riƙa murɗawa. Kansa tana iya tsirowa daga can ciki, amma da wuya ƙwarai, kuma galibi a matan da al'ada ta ɗauke wa ake samunta.

Yaya ta sha fama shekara da shekaru, da al'adarta ta ɗauke sai ta samu lafiya, tunda sinadarin jikin mace da ake kira istirojin, wanda ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, shi ne ke rura ciwon. Bayan shekara 6 ta fara ganin ɗigon jini a kamfai, ba ja sosai ba, kamar tsatsa. Wata 3 tana ɓoyewa, wai kunya. Ni ce na lura tana yawan dafe mara in za ta miƙe daga sallaya.

Aka ɗebi ɗan nama daga cikin mahaifa aka auna, sakamako ya fito ƙalau. Muka yi ta hamdala. Sikanin kuma ya nuna ƙari, aka ce faibiroid ne, wato ƙarin mahaifa da ba kansa ba. Likita ta biyu ce ta ƙi yarda. Ta ce faibiroid motsewa yake yi bayan ɗaukewar al'ada, me zai sa wannan girma? Ta kuma yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa mata: siririn bututun da ake ɗibar naman da shi saman shimfiɗar kawai yake kankarowa, abin da ya ɓuya cikin bango ba ya kai gare shi. Ta tura mu hoton MRI, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, daga nan aka cire mahaifar da ma'ajiyar ƙwai biyun. Sai a ɗakin gwaji, bayan tiyata, aka tabbatar kansa ce, Allah ya sa ba ta bazu ba.

Ke da har yanzu kike al'ada, ki ci gaba da maganinki da zuwa ganin likita. Amma in al'ada ta cika wata 12 da ɗaukewa sannan kika ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ki je asibiti a makon. Kada ki dogara da gwajin Pap, shi bakin mahaifa yake dubawa.