Amsar Kawu kan ƙin cin nama da zancen "kowa da gaskiyarsa"

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na ji saƙonki, wai kin daina cin nama kwata-kwata har na Layya, kuma kin ɗau zancen nan naku na 'yan jami'a cewa kowa da gaskiyarsa, abin da ran mutum ya gani shi ne duniyarsa, shi ne kike tambaya ko biyun za su zauna inuwa ɗaya, kuma ko kin saɓa al'adar gida.

To ni dai a ganina in a kanki kaɗai kika tsaya ba wani karo. Ki duba hadisin damo da ke Bukhari da Muslim, an kawo wa Annabi (SAW) gasasshe ya janye hannu, Khalid bin Walid ya ce haram ne? Ya ce a'a, babu shi ne a ƙasar mutanena shi ya sa raina bai so, Khalid ya jawo ya ci a gabansa bai hana shi ba. Kin ga ƙyamar rai daban, hukunci daban. Har yau mutanen Najdu, yankin tsakiyar Saudiyya, na cin abinsu, mu kuma muna cin fara da yaji wasu na kau da kai. Ko nan Makka ai kin sha ganin Bahambale ya ci naman raƙumi ya tashi sabunta alwala, mu 'yan Malikiyya mu share baki mu shiga sahu, ba wanda ya zagi wani.

A can gida ma kakanni na da abin da suke cewa kan gida, wannan zuri'a ba ta cin dabba kaza, kuma ba sa zuwa gidan maƙwabci su kifar masa da tukunya.

Inda zancenki ya karye shi ne abin da mamanki ta gaya min, wai an zube faranti na kabsa, shinkafar Larabawa da nama, kin ce wa ƙannenki masu cin nama ba su da tausayi, har autan ya ajiye ƙashin kazar da ke hannunsa ya tashi. Haba ɗiyata! In da gaske kowa da gaskiyarsa to da wane ma'auni kika auna tasu? Sai dai ki yarda akwai gaskiya guda da ta hau kan kowa, in kuwa haka ne ba ni da ke za mu yanke ta ba. Mushe da jini da alade aya ta 3 a Ma'ida ta hana, aya ta 87 kuma ta ce kar a haramta daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta. Jiki ma bai san ra'ayi ba, mai ciwon suga ya yarda ko kar ya yarda in ya cika ciki da dabino awo zai nuna.

Maganar al'ada kuma mai sauƙi ce, ba a kushe abincin mutane, ki ce alhamdulillah ki ci abin da kike iya ci. In za ku zo Sharar Mansur ranar Juma'a ki kira gwaggonki tun Alhamis ta kwaɓa miki ɗanwake, kuma dan Allah ki je a duba jininki, mamanki ta ce kina yawan jiri.