Gilashi mai ruɓi biyu, wa ya dace a sa wa?

Habu, ajiye zarton nan ka matso. Ka tambaye ni me gilashi mai ruɓi biyu ya fi na kullum da shi, kuma me ya hana ni yi wa Alhajin nan na bakin hanyar Maigatari kuɗin aiki nan take.

Gilashi ne falle biyu, kowanne yawanci kaurin milimita 4, da rata ta milimita 12 zuwa 16 a tsakani. Ratar nan ita ce sirrin. Busasshiyar iska ce a kulle a ciki, wasu masana'antun kuma iskar argon suke ɗurawa, kuma iskar da aka hana ta yawo ba ta saurin miƙa zafi. Abin da yake ratsawa daga zafin iskar waje bai fi kamar rabin na falle ɗaya ba. In ka leƙa gefe za ka ga siririn alminiyam mai ƙananan huji, cikinsa 'yan ƙwayoyi ne masu shanye laima, sannan an zagaye bakin da baƙin gam.

Mutanen ƙasashen sanyi suka fi amfani da shi, don ɗumin ɗaki ya zauna. Mu kuwa sanyin esi muke son tsarewa a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura 40. Kamar kular abinci yake: abin da ka zuba shi take riƙe maka, kuma sai murfi yana rufe. To in mutum fanka gare shi, wuta sai an ga dama, taga a buɗe take kwana, bazara ta yi kowa ya fito da tabarma tsakar gida, me ka sayar masa? Irin wannan gara ka ce ya sa kuɗinsa a silin mai kyau, don ta kwano zafin ya fi saukowa, ya yi wa tagar rumfa, ya dasa darbejiya ta yamma. Ba na son a riƙa nuna shagona ana cewa ga wanda ya ci kuɗin bawan Allah.

Ko mai esi da sola ma akwai sauran magana. Farin gilashi, ko ruɓi biyu ne, ba ya tare hasken rana. Za ta shigo ta gasa tayil daga azahar har la'asar sakaliya. Tagar yamma sai an sa wa fallen waje irin gilashin da aka shafa wa abin mayar da rana. Firam ma haka. Alminiyam ɗinmu na kasuwa yana ɗaukar zafi, taɓa shi da rana ka ji. Kuma taga mai zamiya ba ta rufuwa ruf. Hunturu na zuwa ƙura za ta bi ta layin ta kwanta a kan gado. Mai buɗewa kamar ƙofa, da roba zagaye, ita take matsewa.

Inda Alhaji zai more shi sosai wajen ƙara ne. Ranar Alhamis manyan motocin shanu ba sa barin na bakin titin nan ya runtsa. Can zan ce a yi masa falle ɗaya milimita 6, ɗaya 4, don masu kauri daban sun fi kashe ƙara.

Sai awo, nan yara suke jawo wa mutum asara. Wannan ba a yanka shi a shago. Yadda aka haɗo shi daga masana'anta haka zai shiga, ko ya zama naka. Auna faɗi sama, tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, don maginanmu ba kullum suke ba ka kusurwa daidai ba. Nauyin mai falle 4 da 4 kilo 20 ne duk murabba'in mita, ninkin na kullum, saboda haka hinjin araha ba zai kai damina biyu ba. A tsaye ake ɗauko shi a mota. Wajen sawa ka ɗora shi a kan 'yan robobi, ka bar hujin fitar ruwa a ƙasan firam. In ruwa ya kwanta a gindinsa gam ɗin zai saki, sai ka ga hazo a tsakanin gilasan, ba tsumman da zai kai wurin, sai dai a sake sabo.

Gobe da safe ka ɗauko tef da littafi. Kafin mu auna komai zan tambaye shi ɗakunan da esi zai kwana yana aiki, su kaɗai za mu yi wa lissafi.