Na Sayi Kunkuru Mai Tauraro Babu Takarda: Ina Matsayina a Gaban Doka?

Tambaya: Barista, bara na sayi kunkurun Indiya mai zanen tauraro a baya daga wani mutum a intanet. Ya ce a gida aka ƙyanƙyashe shi, amma bai ba ni takarda ko ɗaya ba. Yanzu aiki zai kai ni wata ƙasa. Zan iya tafiya da shi, ko in sayar?

Amsa: Malam, kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna.

Akwai yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe mai suna CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma ƙasashe sama da 180 suna cikinta. Ta kasa dabbobi rukuni uku. Duk kunkurun tudu yana aƙalla a rukuni na biyu, inda ake iya cinikinsa tsakanin ƙasashe idan da izinin fitarwa. Naka kuwa, a taron Janiba na 2019 aka ɗaga shi zuwa rukuni na ɗaya, saboda yawan fasa-ƙwaurinsa daga Indiya, Siri Lanka da Pakistan. A wannan rukuni an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji, kuma ƙetare iyaka da shi yana buƙatar izini biyu: na ƙasar da zai bari da na wadda zai shiga.

Maganar mai sayarwa cewa a gida aka ƙyanƙyashe shi ita ce inda mutane da yawa ke faɗawa rami. Gaskiya ne yarjejeniyar ta sassauta wa dabbar da aka haifa a hannun masu kiwo. Amma sassaucin yana tafiya da shaida: daga ina iyayen suka fito, ta halal aka same su, wace hukuma ce ta tabbatar? Masu fasa-ƙwauri sun daɗe suna laƙaba wa na daji sunan na gida, shi ya sa jami'in kwastam ba ya karɓar maganar baki. Idan ka isa filin jirgi ba takarda, za a ƙwace kunkurun, kuma ana iya gurfanar da kai a ƙasar da ba ka san kowa ba. Akwai takardar mallaka da wasu ƙasashe ke bai wa masu yawo da dabbobinsu, amma ita ma sai an nuna asalin dabbar.

Sayarwa ta fi muni. A yanzu kai mai saye ne da wataƙila aka yaudara. Ranar da ka sa masa kuɗi, ka zama ɗan kasuwar haramtacciyar dabba.

To ajiye shi a gida fa? Wannan dokar ƙasarka ce ke yanke shi. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya umarci ƙasashe su hukunta ciniki ko mallakar dabbar da aka shigo da ita ba bisa ƙa'ida ba, su kuma ƙwace ta. Wasu kotuna suna duba ko ka san haramun ne kafin su ci ka tara ko su ɗaure ka, amma rashin sani ba kasafai yake hana ƙwacewa ba. Na san wannan yana da ɗaci ga wanda ya shaƙu da dabbarsa yana kuma kula da ita yadda ya kamata.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka adana duk saƙonnin da kuka yi da mutumin, da shaidar tura kuɗi, da hoton tallan, kada ka goge komai. Ka kai kunkurun wurin likitan dabbobi ya tabbatar da irinsa a rubuce, don akwai masu kama da shi, irin na ƙasar Bama (Myanmar) da na Madagaska, kuma su ma suna rukuni na ɗaya. Sannan ka rubuta wa mai sayarwar ka nemi takardun asali. Idan ya kawo, lauyanka ya tantance su a hukumar da ta bayar, domin jabu sun yi yawa.

Idan ya yi shiru, lauyanka ya tuntuɓi ofishin da ke kula da CITES a ƙasarka, galibi yana ƙarƙashin ma'aikatar muhalli ko ta gandun daji. Wanda ya kai kansa da hujjojinsa ya fi wanda aka kama samun sauƙi. Hukuma na iya barin dabbar a hannunka bisa sharaɗi, ko ta miƙa ta ga gidan namun daji mai lasisi.

Kana iya neman kuɗinka a kotu bisa yaudara, ko da yake alƙalai ba sa son tilasta cinikin haram, don haka saƙon da ya ce maka na gida ne shi ne babban makaminka.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada tsoro ya sa ka sake shi a daji ko bakin ruwa. Zai iya mutuwa ko ya yaɗa cuta ga na wurin, kuma sakin baƙuwar dabba laifi ne na daban a ƙasashe da dama. Ka fara da likitan dabbobi a wannan makon, tun kafin ranar tafiyarka ta matso.