Shin ƙididdigar sabubban mutuwa ta ci karo da imani da ƙaddara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan jin likitoci suna cewa cututtukan da suka fi kashe mutane a duniya sun canza, kuma wai ana iya rage mace-mace. Mahaifina yana fama da hawan jini, amma ya ajiye maganinsa, yana cewa ajali ba ya gaggawa kuma ba ya jinkiri. Shin maganar likitoci ba ta saɓa wa aƙida ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba mahaifinka lafiya. Abin da ya faɗa game da ajali gaskiya ne, domin aya ta 145 a Suratu Ali Imran ta tabbatar da cewa babu ran da zai mutu sai da izinin Allah, a lokacin da aka rubuta. Inda aka samu kuskure shi ne hukuncin da ya gina a kan wannan gaskiyar, saboda Wanda Ya rubuta ajalin Shi ne Ya rubuta sababinsa, kuma Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce, "Eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Buhari da Muslim ne suka ruwaito.

Abin da likitoci ke faɗa kuwa lissafi ne na abin da ya riga ya auku, babu da'awar sanin gaibu a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2000 huɗu ne kawai daga cikin manyan sabubban mutuwa goma suke cututtukan da ba a ɗauka daga wani, amma zuwa 2019 sun kai bakwai, ciwon zuciya ne a gaba da kusan kashi 16 cikin ɗari na dukkan mace-mace, sai bugun jini da ke shanye ɓarin jiki. A ɗaya ɓangaren, yaran da ke mutuwa kafin shekara biyar sun ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa kusan miliyan 5 a 2022, da taimakon rigakafi da tsabtataccen ruwa da kula da haihuwa. Masana ba su tsaya kan mamata kaɗai ba, suna lissafa har shekarun da mutum ya yi a kwance, sai an ɗaga shi an ba shi abinci a baki. Tattara irin wannan ilimi halal ne, ina ma ganin farilla ce ta kifaya a kan masu jagorancin al'umma, domin kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Game da mahaifinka, malaman farko sun yi saɓani kan hukuncin neman magani, da yawansu suna ganin mustahabbi ne ko halal. Sai dai Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko nakasa, kuma wannan shi ne abin da na rinjayar. Hawan jini cuta ce mai shiru, mutum yana jin garau alhali tana cin zuciya da ƙoda, don haka bai halatta ya bar maganin da ƙwararren likita ya tabbatar yana buƙata ba. Ka yi masa magana da ladabi, ka tuna masa hadisin Usama bin Sharik: "Ku yi magani, ya bayin Allah."

Akwai iyaka guda da ya kamata a kiyaye. Ƙididdiga tana magana ne a kan jama'a, ba ta san ranar kowa ba, kuma magani ba ya warkarwa da ikon kansa. Idan aka yi iya ƙoƙari sannan rasuwa ta zo, kada a ce "da an yi kaza da bai mutu ba", domin Annabi (SAW) ya hana irin wannan furuci a hadisin da Muslim ya ruwaito.

Wallahu a'alam.