Amsa ga ɗana da ke koyon kanikanci a Panteka

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce babban yaron garejinku na Kaduna ya hana ka sakat: sifana ta ɓata kai ne, mota ta dawo da matsala kai ne, kuma ba ya ɗaga murya sai mai mota na tsaye. Kana tambaya ko ka rama, ko ka kai ƙara wurin ogan ku, ko ka tattara kayanka ka nemi wani gareji.

Fara gane wane iri ne. Akwai mai zafin rai, wanda zai balbale ka da faɗa da hantsi, kafin azahar ya kira ka cin abinci. Wannan bai kai a yi dogon zance a kansa ba, rabin makanikan da suka iya aiki haka suke. Wanda ka kwatanta min daban ne. Shi rigimar yake nema, shi ya sa yake jiran a taru. Irinsa ba a cinye shi da baki, don kowace amsa ka ba shi, ka ba shi abin da zai ɗora sabuwar magana a kai.

To ina yake samun abin kama ka? A cikin aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a gareji tsagar guda uku ce: kayan aiki, kayan gyara, da wa ya ɗaure me.

Kayan aiki, ka ƙirga su da safe a gaban wani, ka sake ƙirgawa kafin a rufe akwati da yamma. Sifana lamba 10 da 12 da 14 su ne masu ƙafa a kowane gareji, ka sa musu ido. In ya ari sifana a hannunka, ka faɗa a fili cikin sanyin murya: "Yaya, sha huɗun tana wajenka." Ka sanar ne kawai, kuma kunnuwa biyu ko uku sun ji.

Kayan gyara sun fi haɗari, domin a nan ne sunan yaro ke ɓaci. In an aike ka sayen filogi ko takalmin birki, ka dawo da rasit da canji, ka damƙa wa wanda ya aike ka hannu da hannu. Tsohon da aka cire ka sa a leda ka ajiye wa mai mota a but. Mu nan Kano, yaron da ya je sayen kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa ya dawo ba takarda, ko gaskiya gare shi, ya bar ƙofa a buɗe ga duk mai son cewa ya ci kuɗi.

Na ukun shi ne wanda nake so ka fi riƙewa. Kada ka karɓi aikin da wani ya fara ba tare da ka bi bayansa ba. In ya ce maka "ƙarasa wannan", ka tambaye shi abin da ya ɗaure da abin da ya bari, sannan ka bi da sifana da kanka. Notin juye baƙin mai a ƙasan Corolla lamba 14 ne, minti ɗaya ya isa ka taɓa shi, amma in ya kwance a hanyar Zariya inji ne ya tafi, kuma sunan wanda ya rufe bonet za a kira. Notocin taya ma haka, ka sake bin su a gicciye bayan an sauke motar daga jak. Da ka gama ka kira oga ya gani kafin a miƙa makulli.

Idan ya fara a gaban kwastoma, ka tsinci maganar aiki a cikin abin da ya faɗa, ka amsa ita kaɗai. Ya ce kai wawa ne ka bar waya a sake, ka ce "bari in duba wayar". Zagin ka bar masa. Na san da ciwo, ga ka saurayi ana kallo. Amma mai motar da ke tsaye ba ruwansa da wanda ya fi baki, hankalinsa na kan wanda zai yarda ya bar wa motarsa gobe. Kuma yana yiwuwa abin da ke cin yayan naka ke nan, ya ga hannunka ya fara faɗawa, masu mota sun fara tambayar ka.

Haƙurin nan yana da iyaka. Ranar da ya taɓa jak kana ƙarƙashin mota, ko ya tayar da inji hannunka na kusa da fanka, ko ya ɗaga maka ƙarfe, ka fito ka tafi wurin oga nan take, ko da wasa ya ce yake yi. Kai ma kada ka shiga ƙarƙashin mota ranka a ɓace, a lokacin ne ake manta sa kututture a gefen jak.

Zuwa wurin oga ma da yadda ake yinsa. Ka same shi shi kaɗai bayan an tashi. Kada ka ce "ya tsane ni", ba abin da oga zai iya yi da wannan. Ka ce ranar kaza, a kan mota kaza, ya ce kaza a gaban wane. Ka roƙi abu guda, a raba muku aiki, kowa da motarsa. In oga ya kasa, mahaifinka da ya kai ka shi zai je, in abin ya fi ƙarfinsu akwai shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a yankinku.

Batun barin gareji, kada ka yi shi cikin fushi. Wanda ya fita ba a yaye shi ba, duk inda ya je sai an tambaye shi dalili, kuma sabon oga zai kira tsohon. Ka gwada abin da na faɗa maka har wata uku. In ba sauyi, ka kira ni, in zo Kaduna mu zauna da ogan naku, a sallame ka da albarkarsa. Ka gaida mahaifiyarka.